Yadda ake gyara ƙasa kafin a kewaye fangalin lambu da katako

Katakon da aka kewaye fangali da shi daga ƙasa yake fara lalacewa. Rana za ta yi shekaru tana dukan bayansa, iyakacinta ta tsattsaga shi ya yi fari. Gefen da ke kwance cikin danshi kuwa, wanda ido ba ya gani, nan ruɓa ke kamawa, nan gara ke bi ta cinye cikinsa ta bar maka ɓawo. Saboda haka jera katakon shi ne mafi sauƙi a aikin nan. Gumin yana wajen haƙa, da daidaitawa, da daɓe makwancin da zai hau. Wanda ya yi wa wannan ɓangare garaje, damina ɗaya ta isa ta karkata masa komai.

Wannan kewaye na ƙaramin lambu ne: bayan gida inda ake shuka alayyahu, lalo, yakuwa, salak da ɗan tattasai, ko gadinar makaranta, ko gefen rijiyar burtsatse inda ruwa ke zuba a banza. Yana riƙe taki da ƙasa kada su watse, yana kuma raba wurin shuka da wurin taka ƙafa. Mai kadada guda ta tumatir a Kadawa ko Auyo ba ruwansa da wannan, kunyar ƙasa ta ishe shi, kuɗin katakon ma sai ya cinye ribar.

Ka san katakonka kafin ka ɗauki diga

Faɗin rami da zurfinsa daga jikin katakon ake fitar da su, don haka shi za ka fara tsayarwa. Wanda ya fi dacewa shi ne mai kauri irin na layin dogo, kamar inci 4 a kauri da inci 8 a faɗi. Ba kasafai ake samunsa a jibge ba, amma idan ka je 'yan katako, kamar na Na'ibawa a Kano, ka faɗa wa mai inji girman da kake so, zai fitar maka. In kuɗi bai kai ba, tu-bai-siks (mai inci 2 a kauri da inci 6 a faɗi) ma yana yi, sai dai zai buƙaci turaku da yawa. Duk abin da bai kai inci 2 a kauri ba ka bar shi, jiƙaƙƙiyar ƙasa za ta tura shi ya yi ciki. Ka nemi jan katako mai nauyi. Farin katakon nan marar nauyi da ake rufin kwano da shi abincin gara ne. A karkara kuma akwai abin da ya fi su duka sauƙin samu, wato azarar giginya da aka cire daga tsohon soro. Magina ba su zaɓe ta a banza ba, gara ba ta cika iya mata ba. Guda biyu a ɗora ɗaya kan ɗaya sun ba da tsayin da ake so. Kirya da kawo ma suna da ƙarko ƙwarai, amma kada ka sare ɗanyen ice saboda fangali, ga shi sun yi ƙaranci, ga rigima da malaman daji.

Sai maganar katakon layin dogo na ainihi. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, layin da ya bi ta Ringim da Malam Madori ya kai Nguru a 1930, don haka mutanen da ke zaune a bakin layin sun saba ganin tsofaffin kayan dogo a yashe. Kayan nan na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, ɗaukarsu sata ce, sayensu a hannun wanda ya ɗauko ma jawo wa kai magana ne. Ko da ta halal ka same shi, akasari an jiƙa irin wannan katako da wani baƙin mai mai warin kwalta da ake kira kiriyosot. Idan zafin bazara ya buga sai ya riƙa tsattsafowa, yana ƙona fata, kuma ba abin da za a ajiye kusa da ganyen miya ba ne. A Turai ma an hana sa shi a wuraren wasan yara.

A misalin da zan bi, fangalin ƙafa 12 ne a tsayi, ƙafa 4 a faɗi. Katako a kasuwa yawanci ƙafa 12 yake zuwa, ka ga guda uku sun gama aiki: biyu a dogayen ɓangarori, na uku a raba shi uku, biyu su rufe kai da gindi, ragowar a tsaga a yi turaku. Faɗin ƙafa 4 kuma shi ne iyakar abin da hannu ke kaiwa tsakiya daga kowane gefe ba tare da an taka shuka ba.

Lokaci da wuri

Bayan kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, shi ne lokacin da na fi so. Ƙasa tana da sauran laushi, kuma ba ka manta hanyar da ruwa ya bi a cikin gidanka da damina ba. A watan Agusta ramin zai cika da ruwa kafin ka gama shi. A bazara kuwa laka ta ƙeƙashe, diga sai tsalle take yi. In dole sai a lokacin, ka shayar da wurin da yamma ka haƙa da sassafe.

Wajen zaɓen wuri, ka ɗaga kai ka dubi indararo da bakin kwano. Inda ruwan rufi ke zuba ba a kafa fangali. Ka ja da baya daga katangar ƙasa kamar taku biyu, domin ban ruwan kullum zai jiƙa gindinta, kuma gara da ke jikin katangar za ta samu gada. Ka nisanci gindin darbejiya da turare, saiwoyinsu za su biyo danshi su cika fangalin, wata rana su ɗaga katakon. Sannan ka tambayi tsofaffin gidan abin da ke ƙarƙashin wurin. Tsohuwar shadda da aka cike, ko rijiyar da aka binne, ko ramin da aka ɗebi ƙasar gini, duk suna ci gaba da zama shekara da shekaru, kuma duk daɓen da ka yi a kansu sai ya lotsa. Haka bututun ruwa da wayar sola da aka binne, yawanci ba su da zurfi, sara ɗaya ya isa. Idan fangali biyu za ka yi, ka bar ƙafa 2 a tsakaninsu don baro ya wuce.

Kayan aikin ba su da yawa: diga, shebur, fartanya, manjagara, baro ko kwanon sarki, tef na awo, igiya, turaku, guduma, madaɓi, da siririn tiyon nan na magina wanda ake ganin ruwa a cikinsa. Lebur na magina in akwai, ko a ara.

Sharewa

Ka share wurin har da ƙarin ƙafa 2 ta kowane gefe. Wajen ɗage tsofaffin tubala da tarkace a yi hattara da kunama, a sa fartanya maimakon hannu. Ciyawa irin su komayya da ƙarangiya nome su ya wadatar. Kiri-kiri da aya-aya da tofa kuwa sai an bi su har saiwa, domin ɗan guntun da ya rage zai bi ta ƙarƙashin katako ya ɓullo a cikin fangali, kuma a lokacin ba ka da hanyar kai masa. Ka tono, ka kaɗe, ka tsince, ka shanya su a rana can nesa.

Abin da ya fi ciyawa muhimmanci shi ne duk wani mataccen ice da ke binne. Kututture, busasshiyar saiwa, guntun kara, tsohon kwali, ragowar zana, kada ka bar ko ɗaya. Su ne ke kiran gara. Idan ka tarar da hanyoyinta a cikin ƙasa, ko akwai suri a kusa, ka bi ka ga inda gidan yake kafin ka ci gaba. Wani lokaci matsar da fangalin ya fi yaƙi da suri sauƙi.

Fitar da layi da kusurwa

Kafa turke a kusurwar farko, ka ja igiya ƙafa 12 zuwa turke na biyu. Wannan shi ne layin da sauran za su bi. Idan wurin yana da gangara, dogon ɓangaren ya gitta ta, kada ya bi ta, sai aikin daidaitawa ya ragu sosai.

Don kusurwa ta fita daidai, ka yi awon da magina ke yi: daga turken farko ka auna ƙafa 4 a kan igiyar ka sa alama, a kan igiyar gefe ka auna ƙafa 3 ka sa alama, sannan ka riƙa matsar da igiyar gefen har tsakanin alamomin biyu ya zama ƙafa 5 cif. Bayan turaku huɗu sun tsaya, ka auna daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta a karkace, ka auna ɗaya ɓangaren ma. Dole su zo ɗaya, kimanin ƙafa 12 da inci 8. In sun bambanta da fiye da inci guda, gyara yanzu. Katako mai kauri ba ya lanƙwasuwa ya rufa maka asiri, bakin zai buɗe a kusurwa, ƙasa da ruwa su riƙa fita ta nan.

Da yake turakun suna daidai inda za a haƙa, ka kafa wasu a waje kamar ƙafa guda da rabi, ka miƙa igiyoyin zuwa kansu yadda za su gitta juna a kan kusurwa. Sai ka bi ƙarƙashin igiyar da toka ka zana layin a ƙasa.

Daidaita tsayi da tiyo

Nan ne mutane suka fi dogara da ido, kuma ido yana yaudara, musamman a fili mai gangara kaɗan. Cika tiyon da ruwa, ka tabbata ba kumfar iska a ciki. Nemo kusurwar da ta fi kowace ƙasa-ƙasa, a jikin turkenta ka sa alama inci 5 daga ƙasa. Nan ne saman katakon zai tsaya. Wani ya riƙe bakin tiyon a jikin wannan turke, yana ɗagawa yana saukewa har ruwan ya tsaya a kan alamar. Kai kuma ka kai ɗaya bakin ga kowane turke, inda ruwan ya natsu ka zana. Ɗaura igiyoyinka a kan waɗannan alamomi, ka ja su su yi tauri.

Dalilin farawa daga kusurwar ƙasa shi ne a daidaita wuri ta hanyar rage tudu. Ciko da sabuwar ƙasa komai daɓe sai ya ƙara zama bayan ruwa, ita kuwa ƙasar asali da ba a taɓa ba ta riga ta zauna. Idan bambancin tudu da kwari ya wuce inci 4 ko 5, ka kankare tudun gaba ɗaya, ko ka raba fangalin biyu ka yi shi hawa-hawa, kowane hawa a daidaice.

Yanzu ka samo sanda miƙaƙƙiya ka yi mata tsaga biyu, ɗaya a inci 8, ɗaya a inci 11. Daga igiya zuwa gindin rami inci 11 ne, daga igiya zuwa saman tsakuwa inci 8 ne. Da wannan sanda ba sai ka riƙa zaro tef kowane taku ba, ko yaro ka ba shi zai gane.

Haƙa ramin

Faɗinsa inci 10, wato kaurin katako da ƙarin inci 3 ta kowane gefe, kusan faɗin bakin shebur. A kusurwar ƙasa zurfinsa inci 6 ne: uku na tsakuwa, uku na katakon da zai nutse. A ɓangaren tudu zai ɗan fi haka, sandar ce za ta faɗa maka. Ƙasar sama mai duhu ka tara ta a tsakiyar fangali, ta ƙasa ka zuba ta waje daban, kowace da amfaninta. Bangon ramin ya tsaya a miƙe, gindinsa a shimfiɗe. In hannu ya zarce ka yi zurfi a wani wuri, da tsakuwa za ka cike shi.

A nan irin ƙasarka ce ke sauya lissafi. Rairayin da ya mamaye yawancin arewacin Jigawa, kamar wajen Gumel da Maigatari, ba ya riƙe ruwa, wannan alheri ne ga katako. Matsalarsa rashin tsayuwa, bango na zubewa, gindi na gudu a ƙarƙashin nauyi. Ka jiƙa shi kafin haƙa, ka sake yayyafa ruwa kafin daɓe, kuma shimfiɗar farko ta zama marmara, domin tana kama jikinta ta ba tsakuwa wurin zama. Lakar fadama, irin ta kwarin Haɗeja, akasin haka take. Da damina ta kumbura ta riƙe ruwa, da rani ta tsage ta ja da baya, katakon da ke kanta kuma yana hawa yana sauka tare da ita. A irin wannan ƙasa ka ƙara zurfin da inci 2 ko 3, ka cike ƙarin da tsakuwa, sannan daga kusurwar ƙasa ka fitar da 'yar siririyar magudana cike da tsakuwa zuwa inda ruwa zai wuce. Ba tare da ita ba ramin da ka haƙa ya zama kwatami, katakon na jiƙe a ciki har ƙarshen Satumba. Jangargari mai tsakuwa-tsakuwa ita ce mai sauƙin sha'ani, sai dai ta ba diga wuya.

Daɓe da tsakuwa

Yayyafa ruwa a gindin ramin, ya yi danshi kawai, kada ya yi taɓo. Gwajin shi ne ka dunƙula ƙasar a hannu ta haɗu ba tare da ta manne maka ba. Ka bi da madaɓi, ko gungumen ice mai faffaɗan gindi, kana bugawa daga wannan kai zuwa wancan har ka taka da dunduniya ba ta bar shaida ba. Matan da suka san daɓen ɗaki sun fi kowa iya wannan, in akwai su a gidan a nemi shawararsu.

Sai tsakuwa. Fasasshiya mai kaifi-kaifi, girman gyaɗa zuwa ɗan yatsa, ita ce mai kyau don tana cije juna. Ta rafi mai santsi tana mirginawa, amma in ita ce a kusa a gauraya ta da yashi mai kauri. Fasassun bulo na siminti ma suna yi idan aka daddaka su. Ga fangalin ƙafa 12 da ƙafa 4, baro uku ya isa, ko kwanon sarki goma zuwa sha biyu. Kada ka juye ta gaba ɗaya. Zuba rabi ka daɓe, zuba sauran ka sake daɓewa, kana gwadawa da tsagar inci 8. A ƙarshe ka yayyafa yashi mai kauri kaɗan don toshe manyan ramuka, ka ɗora miƙaƙƙen katako da lebur a kai ka duba.

Wasu za su ce a zuba kankare a huta. A ganina ga katako jeri ɗaya asarar siminti ce, kuma idan kankaren ya rungume gindin katako sai ya riƙe masa ruwa, ruɓa ta zo da wuri. Haka shimfiɗa leda a ƙarƙashinsa. Wurin leda shi ne jikin katakon ta ciki, tsakaninsa da ƙasar shuka, a manne ta da ƙananan ƙusoshi, gindin kuwa a bar shi a buɗe ruwa ya tsiyaye.

Maganar gara

Tsakuwa ba ta hana gara zuwa kwata-kwata, kada wani ya ruɗe ka. Abin da take yi shi ne ta busar da gindin katakon, ta kuma tilasta wa garar gina hanyarta a fili inda za ka gani ka rushe. Sauran kariyar a jikin katakon take. A shafa masa maganin katako irin su Solignum sau biyu, a bar shi ya bushe sosai a inuwa kwana da kwanaki kafin a kawo shi wurin. A fi ba bakin da zarto ya yanka muhimmanci, domin ta nan yake shan ruwa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ba ya son magani kusa da abinci sai ya babbake gefen da zai kwanta a ƙasa har ya yi baƙi, kamar yadda ake yi wa gindin dirka.

Baƙin man inji da kafintoci ke shafa wa katakon rufi kada ya zo nan, ruwan ban ruwa zai wanke shi cikin ƙasar da za ka ci ganyenta. Haka tuttula maganin ƙwari na gona a cikin ramin, balle in akwai rijiya a kusa. Idan garar ta yi yawa har sai an sa magani, a nemi malamin gona ya faɗi wanda ya dace da yadda ake sa shi. Toka da ake barbaɗawa ba ta cutar da komai, amma ruwa biyu ya wanke ta.

Gwaji da turakun riƙo

Kafin ƙusa ta shiga ko'ina, ka jera katakon huɗu a kan tsakuwar haka nan. Hau kowanne ka taka kai da gindi. Wanda ya yi rawa, ɗaga shi ka duba shaidar da ya bari, ka rage inda ya yi tudu. Kada ka cusa guntun ice a ƙarƙashi don ya daidaita, shi zai fara ruɓewa. Saman kowane katako ya shafi igiya daga farko har ƙarshe.

In komai ya zauna, ka sa alamar turakun riƙo ta ciki: ɗaya a kowace kusurwa, sannan ɗaya duk bayan ƙafa 4, ko duk ƙafa 3 idan tu-bai-siks ne. Tsayin turke ƙafa 2 a ƙasa mai ƙarfi, a rairayi ya kai 2 da rabi. Inda ƙasa ta yi tauri ka fara buɗa masa hanya da dagi don kada kansa ya farfashe. Ya nutse har kansa ya koma inci guda ƙasa da bakin katako. Guntun rodi mai milimita 12 ma yana maye gurbin turken ice, gara kuma ba ta da abin yi da shi. Daga nan sai a haɗa kusurwoyi da turakun da ƙusa inci 6. Jan katako yana tsagewa ko ya lanƙwasa ƙusa, don haka a fara huda shi.

Mayar da ƙasa

Ratar inci 3 da ta rage ta waje a cike ta da ragowar tsakuwa, a rufe da ƙasar nan ta ƙasa da ka ware, a daɓe, a ɗan karkata ta yadda ruwa zai gudu daga jikin katakon. Ta ciki kuma ka sassauta ƙasar fangalin da fartanya zurfin taƙi guda, ka gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki mai kara da ciyawa a ciki gayyatar gara ne har gida.

Yawan cikon ya danganta da inda kake. A rairayi kada ka ɗaga fangalin sosai, iskar hunturu da zafin Afrilu za su busar da shi kafin azahar. Ka bar ƙasar ciki kusan daidai da ta waje, katakon ya zama bakin da ke tare ruwa kamar fangalin da aka saba. A laka kuwa ka cika shi ya ɗara ƙasar waje da inci 3, saiwa ta tsira daga kwanciyar ruwa. Ko ta yaya, a bar aƙalla inci 2 tsakanin ƙasa da bakin katako.

Sai ka shayar da shi sosai ka tsaya ka kalla. Ruwan ya bazu ko'ina daidai, kada ya taru a kai ɗaya ko ya ɓulle ta kusurwa. Inda ya ɓulle ka toshe ta ciki da leda da ƙasa. Ka bar fangalin mako guda kana ba shi ruwa, ƙasar za ta zauna, ka ƙara ciko inda ta lotsa, ka sake bin gefen waje da madaɓi, sannan ka kawo iri.